Tabon Hammata a Farar Riga: Bayani ga Dillalai, 'Yan Gwanjo da Masu Wanki

Yau mun ɗan jingine lissafin farashin hatsi da na dabbobi, domin mu yi magana a kan wani abu ƙarami da ke cin kuɗin mutane ba su ankara ba. Watau tabon nan mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a hammatar farar riga.

Wani zai ce, haba, wagga ai maganar mata ce da masu wanki, me ya kawo ta takardar kasuwa? To, a tambayi dillalin riguna a Babbar Kasuwar Gusau, ko mai gwanjo a Tudun Wada, ko wanda ke ɗaukar kwancen kaftani ya kai Tsafe ko Bungudu ran kasuwa. Mai saye in ya ɗauki farar riga, wuri biyu yake fara dubawa, wuya da hammata. Dattin wuya kowa ya san sabulu na fitar da shi. Amma da zarar ya ɗaga hannun riga ya ga rawaya, ko dai ya ajiye ya wuce, ko ya yi tayin da ko albarka ba ka son ce masa. Ga riga lafiya lau, ɗinki mai kyau, aikin wuya bai tsufa ba, amma tabo bai fi tafin hannu ba ya karya mata daraja.

Har wa yau, farin yadi ba abin wasa ba ne yanzu. Masaƙar Zamfara Textile da ke nan Gusau ta daɗe da tsayawa, ko da yake ƙasarmu ƙasar auduga ce. Yawancin farin da muke sayarwa sarinsa ake yi daga Kantin Kwari a Kano, shi kuwa daga waje ya shigo, daga Sin ko Turai, kamar shaddar Getzner da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya. Tun shekarar 2023 da anka cire tallafin man fetur, anka kuma saki darajar naira, kuɗin kaya da kuɗin mota duk sunka tashi. Mutumin da a da yake ɗinka sababbi kowace Salla, yau yana lallaɓa na bara. Saboda haka wanda ya san yadda ake ceton farar riga, ya san hanyar kuɗi.

MENE NE WANGA TABO?

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ba datti ba ne irin na ƙasa ko ƙura da ke kwance a kan yadi. Abu ne da ya shiga cikin zare ya zauna. Shi ya sa ake wankewa sau uku, sau huɗu, yana nan daram.

Gumin jiki iri biyu ne. Wanda ke tsattsafowa a goshi da baya kusan duk ruwa ne da ɗan gishiri, in ya bushe sai ya bar farin zane, ruwa kaɗai ya isa ya tafi da shi. Amma a hammata akwai wata irin kafar gumi dabam, wadda ba ta soma aiki sai mutum ya balaga. Abin da take fitarwa yana da kauri, yana da maiƙo, yana kuma da sinadari irin na farin ƙwai, wanda likitoci ke kira furotin. Shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke zaune a fata suke ci, wari ya tashi. In wanga maiƙo ya shiga zare ya kwana biyu yana shan iska, sai ya soma rikiɗa zuwa rawaya, kamar yadda tsumman da anka goge man gyaɗa da shi ke yi in ya daɗe.

Sa'an nan ga abokin aikinsa, watau abin shafawa na hana gumi. Turawa sun soma sayar da maganin warin hammata mai suna Mum a Amurka a shekarar 1888, na murzawa mai ƙwallo a baki kuwa ya fito a 1952. Yau babu kantin da ba a samunsu. Amma iri biyu ne, mutane kuwa ba su rarrabewa. Akwai mai kashe wari kawai, akwai kuma mai toshe kafar gumi. Wanga na biyu yana da gishirin alminiyam a ciki, dangin ƙarfen da ake yin tukwane da shi. In gishirin ya gauraya da gumi da maiƙo a cikin zare, sai su haɗu su zama wani abu kamar danƙo, mai rawaya, wanda sabulu ba ya narkar da shi. Shi ne ke sa ka taɓa hammatar riga ka ji ta ƙandare kamar an sa mata sitaci. Alif ɗin da wasu ke gogawa bayan wanka, wanda ake kuma kira alimun, shi ma akwai alminiyam a cikinsa, don haka a bari ya bushe kafin a sa riga.

Wata uku ne tabon ya fi yawa a wajenmu, Maris da Afirilu da Mayu, sa'ad da zafi ke kaiwa digiri 40 a Gusau da kewaye. Amma sau da yawa ba a lokacin yake bayyana ba. Mutum ya sa riga ran Juma'a, ya dawo ya duba ya ga fes take, ya ninke ya sa akwati. Bayan wata huɗu ya ɗauko, ga rawaya. Sai ya ce akwati ne ya ɓata masa kaya, alhali kuwa gumin da bai gani ba ne ya nuna a hankali.

BA KOWACE RAWAYA CE TA GUMI BA

Kafin a sa magani sai a san ciwo. Tabo huɗu ne ke kama da juna, kowanne da maganinsa.

Na ɗaya, na gumi da abin hana gumi. Yana daidai hammata, gefe biyu, ya fi ƙarfi ta cikin riga, yana da tauri in an taɓa.

Na biyu, na turaren mai, irin su almiski da udu da humra. Launinsa ya fi karkata zuwa ruwan ƙasa, yana da da'ira, ba ya tauri, kuma ana samunsa har a ƙirji da kafaɗa. In an ɗaga shi a rana, wurin yana ɗan sheƙi kamar takardar da ta sha man ƙosai.

Na uku, tsatsa. Tana zuwa daga ruwan rijiya ko na burtsatse mai ƙarfe, ko daga tsohon duro, ko wayar shanya. Launinta ja-ja ne, ɗigo-ɗigo, ko'ina a jikin riga.

Na huɗu, ƙunar bilic ko ta dutsen guga. Wagga rawaya ce shimfiɗaɗɗiya, zaren wurin ya yi laushi, in ka ja shi da yatsu biyu za ka ji yana neman yagewa. Ƙunar guga in ba ta yi zurfi ba takan ɗan ragu, amma wadda ta cinye zare ba ta da magani. Dillali ya kiyaye, wagga ita ce asarar da ba a mayarwa.

ABU UKU DA KE ƘARA TA'AZZARA SHI

Na farko shi ne bilic, irin su Hypo da Jik. Kowa da ya ga farar riga ta yi rawaya, shi yake fara ɗaukowa. To, ga tabon gumi ba abokin tafiya ba ne. Kulorin da ke cikinsa in ya haɗu da furotin ɗin gumi, ƙara masa rawaya yake yi. Haka in ruwan na da ƙarfe, bilic na fito da tsatsar fili. Daɗin daɗawa, masaƙu na sa wa farin yadi wani sinadari mai sa shi haske a rana, bilic kuwa na iya kashe shi, riga ta koma fari mai duhu-duhu. In an zuba shi tsurarsa a kan auduga, cin zaren yake yi, bayan wanki kaɗan sai hammata ta ɓule. Bilic yana da wurinsa, ga tawul da zanen gado da tsabtace bayan gida, amma ba a hammatar shadda ba.

Na biyu shi ne zafi. Ku tuna da farin ƙwai, ɗanyensa ruwa na wanke shi, amma da ya ji wuta ya daskare. Haka furotin ɗin gumi yake. Wanda ya zuba tafasasshen ruwa a kan tabo, ko ya bi shi da dutsen guga, na gawayi ko na lantarki, ya dafa shi a cikin zare ke nan. Mai wankin da ya ga tabo bai fita ba amma ya sa sitaci ya goge don kada mai kaya ya jira, ya cuci mai kaya ba da niyya ba.

Na uku shi ne rufe ido, watau cika bula, ko goga alli ko hoda a wurin. Bula ba ta wanke komai. Shuɗinta ne ke rufe rawaya a idon mai kallo, shi ke nan. Ɗan kaɗan a ruwan ɗauraya na ƙarshe ba laifi, bayan tabo ya fita. Amma in tabo na nan, wankin farko zai tona asiri.

YADDA AKE FITAR DA SHI

Tun da abu uku ne sunka taru a wurin, watau gishirin alminiyam da maiƙo da launi, to, da abu uku ake raba su, ɗaya bayan ɗaya. Tsami na narkar da gishirin. Sabulu na ɗauke maiƙon. Ruwan haidurojin da rana na dusashe launin. Wanda ya haɗa su duka a roba guda don sauri, ya ɓata su, domin tsami da kanwa kashe juna suke yi. Kumfar da ke tashi in an zuba lemun tsami a kan kanwa ba ƙarfi ba ce, alamar ƙarfin ya tafi ce.

Da fari, a juya riga ciki waje, a jiƙa wurin da ruwan sanyi.

Sa'an nan a kawo farin khal, a surka kofi 1 da ruwa kofi 2, a tsoma hammatar a ciki rabin awa. In babu khal, a matse lemun tsami a tace, a surka da ruwa daidai wa daida. Kada a yi amfani da tsamiya ko jan khal, su da kansu tabo suke yi. Bayan rabin awa a murza wurin da yatsu, za a ji taurin ya soma saki. A ɗauraye sarai.

Na biye, sabulu. A dama omo da ɗan ruwa ya yi kauri kamar kunu, a shafa a wurin, a bi shi da tsohon buroshin haƙori mai laushi a hankali. Omo mai enzayim, irin su Ariel, ya fi cin wanga aiki, domin enzayim na narkar da furotin. Amma yana son ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki, kamar digiri 30 zuwa 40, tafasasshe kuwa kashe shi yake yi. A bar riga a jiƙe awa 1 ko 2, in tabon tsoho ne ta kwana. Wanda ba shi da wanga omo, sabulun sanda da ruwan farar kanwa na taimakawa. A jiƙa kanwar ta narke, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama a tace da ƙyalle. Jar kanwa kuwa a bar ta ga tuwo da dabbobi, ƙasar da ke cikinta na rina fari.

In an ɗauraye an ga sauran rawaya, sai a je kemis a sayo haidurojin, ruwan nan da ake wanke miki da shi yana kumfa. A duba ƙarfinsa a jikin kwalba. In kashi 3 cikin 100 ne, a yi aiki da shi haka. In kashi 6 ne, a surka shi da ruwa daidai wa daida. A haɗa cokali 2 nasa da cokali 2 na bekin soda ta girki da cokali 2 na ruwa, a shafa, a bari rabin awa zuwa awa 1 a inuwa, sa'an nan a wanke riga duka. A lura, sodar girki munka ce, ba sodar yin sabulu ba. Waccan tana ƙona hannu, tana cin yadi. Haidurojin kuma haske na kashe shi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu, wanda ya daɗe a buɗe ya zama ruwa. Garin Vanish da makamantansa aiki ɗaya suke yi da shi, sai dai a bi abin da anka rubuta a jiki.

Daga ƙarshe a shanya a rana. Ranarmu kyauta ce, tana kuma farar da auduga. Da ta bushe a kwashe, kada a bar ta yini biyu a igiya. A duba wurin da kyau kafin guga. In akwai saura, a sake daga farko. Tsohon tabo yakan ɗauki zagaye biyu ko uku.

Tabon turaren mai kuwa, sabulun ruwa na wanke kwanuka, irin su Morning Fresh, shi ne maganinsa. A ɗiga a kan busasshen yadi, a murza, a bari minti 15, a wanke da ruwan ɗumi. Tsatsa kuma, lemun tsami da gishiri, a sa a rana ɗan lokaci, a ɗauraye sarai domin tsamin da ya zauna a zare yana raunana shi.

GARGAƊI MAI GIRMA

Kada a kuskura a haɗa bilic da khal, ko da lemun tsami, ko da ruwan wanke masai. Haɗin na tayar da iskar kulorin mai guba, wadda ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a ɗaki rufaffe tana iya kisa. Haka kada a zuba khal da haidurojin a kwalba ɗaya. Kowane mataki a ɗauraye kafin a shiga na gaba. Masu shagon wanki, ku gaya wa yaranku wagga magana da baki, kada ku ɗauka sun sani. A kuma nisantar da kayan nan daga ƙananan yara, kada a zuba su a gorar ruwan sha.

KOWANE YADI DA HALINSA

Shadda ta ainihi auduga ce zalla, tana jure duk abin da munka faɗa. Abin da ba ta so shi ne dirza. Ƙyallinta a saman zare yake, buroshi mai ƙarfi na kashe shi, sai hammata ta zama dusashe ko da tabo ya fita. A yi mata da yatsu. In za a kai wa masu bugu, a tabbata tabo ya fita tukuna.

Yadi mai haɗin roba, da yawancin jallabiyoyin da ake shigowa da su, suna riƙe maiƙo fiye da auduga, shi ya sa wari ke daɗewa a cikinsu. Su a fi ba su lokaci a wajen sabulu. Bilic da guga mai zafi na sa su rawayar da ba ta komawa.

Riga mai aiki, a yi hattara da zaren aikin. Wani yana zuba, wani haidurojin na koɗar da shi. A gwada ɗigo ɗaya a ɓoyayyen wuri ta ciki, a jira minti 10. Siliki da ulu kuwa, ba bilic, ba kanwa, ba omo mai enzayim, domin su kansu furotin ne, maganin zai ci yadin tare da tabon.

Ruwa ma sai an duba. Da damina gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bungudu, yakan yi ja da laka, rijiyoyi ma sukan gurɓace. A bar ruwa ya kwanta a tsiyaye kafin a tsoma fari. In an sa alif don ya kwanta, kaɗan ya isa. Da hunturu kuma a shanya ciki waje saboda ƙura.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Wanda ke shafa abin hana gumi, ya shafa da dare a busasshiyar fata kafin barci. Likitocin fata sun ce a lokacin ya fi kamawa, kuma wankan safe ba ya kore aikinsa. A shafa kaɗan, a bari ya bushe. Yawan shafawa ba ya ƙara hana gumi, riga kawai yake shiga.

A riƙa aske gashin hammata, domin shi ke riƙe gumi da abin shafawa ya goga wa riga. Addini ma ya ce kada a bar shi ya wuce kwana 40.

A sa 'yar ciki ta auduga mai ɗan gajeren hannu. Singileti mara hannu ba ta rufe hammata, don haka ba ta kare komai a wurin. Asarar 'yar ciki ta fi asarar shadda sauƙi. Ku lura, babbar riga ba ta cika yin wanga tabo ba, domin ba ta manne wa jiki. Ɗinkin zamani mai matse hammata shi ne ya fi yi. Teloli su ba wurin ɗan sarari, ko su sa ƙyallen auduga ta ciki wanda za a iya farkewa a sake.

Turare a fesa ko a shafa a jiki, a bari ya sha iska, sa'an nan a sa riga.

Babban abu kuwa, farar rigar da anka sa, ko na awa biyu ne, kada a ninke ta a ajiye. In ba a sami damar wanki ba, a ɗauraye hammatar da ruwan sanyi a ranar. Kayan Salla da za su daɗe a akwati, a wanke su, a bari su bushe ƙarau, a ajiye ba sitaci domin kyankyasai na bin sitaci, a naɗe su da tsohon farin zane maimakon leda. Leda na riƙe laima, da damina sai fumfuna.

In mutum ya ga guminsa na da launi, ko gashin hammatarsa ya yi wasu ƙulle-ƙulle rawaya ko ja, ko gumin ya yi yawa ba zafi ba aiki, wannan maganar asibiti ce, ba ta mai wanki ba. Mai shan maganin tarin fuka da ake kira rifamfisin kuwa, an san yana sa gumi da fitsari su yi ja-ja. Kada ya bar magani saboda riga, ya sa 'yar ciki har ya gama.

GA DILLALAI DA 'YAN GWANJO

In an kawo maka kwance, ko ka je Ƙofar Wambai a Kano ana fasa dila, kada ka duba fari a cikin rumfa ko a ƙarƙashin fitila. Fito da shi rana. Juya hannun riga ciki waje. Taɓa ka ji ko ya ƙandare. Sansana. Ɗan ja zaren a hankali. In hammata ta fi sauran jiki shuɗi, ko farin gari ya biyo yatsanka, an rufe wani abu.

Daga nan sai ka raba kaya kashi uku. Mai rawaya mara tauri, sabon tabo ne, wanki ɗaya ko biyu ya isa. Mai tauri amma zare da ƙarfi, yana fita, sai dai da aiki, ka cire kuɗin magani da na mai wanki da kwanakin da kuɗinka za su kwanta kafin ka yi tayi. Wanda zare ya mutu, ka saya a farashin yadin da za a yanka a yi wa yaro riga, ko ka bar shi. Riba tana cikin kashi na biyu, domin wanda bai san magani ba yana sakinsa da araha.

In kuwa ka yi iyakar ƙoƙari saura ya rage, nuna wa mai saye da hannunka, ka rage masa. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, sun hana ɓoye aibin kaya, sun kuma ba mai saye damar mayarwa in ya tarar da aibin da anka ɓoye masa. Ko ba don haka ba, Gusau da Tsafe da Bungudu ba su da nisa da juna, fuskokin da ka gani wanga mako su za ka gani mako mai zuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. La'adar riga ɗaya ba ta kai a rasa abokin ciniki na shekara goma ba.

Masu wanki da guga, ku duba hammata a gaban mai kaya tun sa'ad da kunka karɓa, ku gaya masa abin da kunka gani da abin da zai ci. Wannan shi ke hana rigimar "kai ka ɓata mini" daga baya. Wanda ya ƙware a fitar da wanga tabo yana da haƙƙin ya sa masa kuɗi dabam.

Masu kantin sabulu da turare, ku san abin da kuke sayarwa. A sa yaro mai karatun boko ya duba bayan gwangwani, in ya ga kalmar Aluminium a jerin kayan haɗi, to, mai toshe gumi ne. Mai yawan sa fari in ya zo saye, a gaya masa bambancin, ya zaɓa da saninsa. In an zo neman bilic don hammata, a nuna khal da bekin soda da omo mai enzayim. Ciniki uku ke nan maimakon ɗaya, kuma mai saye zai dawo da godiya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana hanyoyinmu da dukiyoyinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.